ADAKAR MAI JINYAR YAƘI: Kada Gara ta Riga Masana Tarihi

A tsofaffin gidaje na ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan, kamar sauran ƙasar Zazzau, da wuya a rasa wata adaka da aka tura ƙarƙashin gado ko aka jingine a ƙuryar turaka, wadda ba a cika buɗe ta ba sai ranar da mai ita ya kwanta dama. In an buɗe, abin da akan tarar bai wuce takardun haraji na zamanin En'e ba, da rasiɗin auduga ko na gyaɗa, da wata wasiƙar ajami da aka naɗe har ta tsage a kan layin naɗin. A gidan da aka taɓa yin tsohon soja kuwa, akan sami ƙari: ɗan littafin sallama, da minda biyu ko uku waɗanda ƙyallensu ya koɗe, da hoton wani saurayi sanye da kaki, wanda jikokinsa ba su san shi ba sai da furfura.

Magada sukan raba gona da gida da dabbobi da tufafi yadda shari'a ta tsara. Takardu kuwa ba a yi musu kuɗi wajen rabon gado, saboda haka ba su da mai su. Wanda adakar ta faɗa a rabonsa adakar yake so, ba abin da ke cikinta ba. Daga nan ne tarihi mai yawa ke bin hanyar murhu, ko hanyar mai ƙosai.

Cikin irin waɗannan takardu babu waɗanda suka fi saurin salwanta kamar na masu jinya. Sojan da ya riƙe bindiga yana da tabon harsashi da zai nuna, yana da mawaƙa, yana da ranar tunawa da mazan jiya kowace 15 ga Janairu. Amma wanda aikinsa a fagen fama shi ne ɗaure rauni da ɗaukar gadon majinyaci da wanke gyambo, ko yarinyar da ta ɗaura farin ƙyalle a damtse ta kwana tana yi wa sojan da ba ta san sunansa ba fifita, su ba a yi musu kirari. In ba a sami wata 'yar takarda da ta shaide su ba, to, kamar ba a yi su ba ne. Labarin wani ɗan Nijeriya guda ya isa ya nuna abin da takarda ɗaya za ta iya yi in ta tsira.

ƊAN SHEKARA 16

Sunansa Isaac Fadoyebo, mutumin Emure-Ile kusa da Owo, cikin Jihar Ondo ta yanzu. An haife shi a 1925. Da ya gama firamare bai sami hanyar wucewa gaba ba, sai a farkon 1942 ya kai kansa wurin masu ɗaukar soja, yana ɗan shekara 16. Wannan sa kai ne na gaskiya, domin a wurare da dama, musamman a Arewa, ta hannun sarakuna da hakimai aka bi aka nemi samari, kuma ba kowane wanda aka rubuta a matsayin ɗan sa kai ne aka tambayi ra'ayinsa ba. 'Yan Nijeriya kimanin 120,000 ne suka sa kakin Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi suka fi sani da Yaƙin Hitila ko Yaƙin Bama.

Da yake Isaac ya iya karatu da rubutun boko, sai aka ware shi aka koya masa aikin jinya. Haka tsarin yake a lokacin: masu ilmin boko, waɗanda galibinsu daga Kudu suke, su ake kai wa aikin akawu da waya da tuƙi da asibiti, mutanen Arewa kuwa su suka fi yawa a cikin masu bindiga da masu dakon kaya, har ma Hausa ce harshen bariki. Aka sa shi a wani asibitin tafi-da-gidanka mai lamba 29, wanda aikinsa shi ne karɓar waɗanda aka raunata daga bakin daga, a ba su taimakon farko kafin a wuce da su baya. A 1943 aka haɗa su da Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, aka zuba su a jirgin ruwa, suka kewaya ta Afirka ta Kudu zuwa Bombai a ƙasar Indiya. Daga can aka tura rundunar kwarin kogin Kaladan, a yankin Arakan na ƙasar Bama, wurin da babu hanyar mota, sai dai a ɗauki kaya a ka, abinci da magani kuma a jefo su daga jirgin sama.

Ranar 2 ga Maris, 1944, da safe, ma'aikatan wannan asibiti suna bakin kogi, inda suka yada zango da gadajen gora da suke fito da su, sai sojojin Japan suka buɗe musu wuta daga ɗaya gaɓar. Ba mayaƙa ba ne, masu magani ne. Aka kashe waɗanda aka kashe, waɗanda suka iya gudu suka faɗa daji. Harsashi ya farfasa wa Isaac ƙashin cinyar dama, wani kuma ya same shi a jiki. Wani likita Bature, Kyaftin Richard Brown, ya sami damar tserewa amma ya koma wurin waɗanda suka faɗi don ya taimake su. Japanawa suka kama shi suka tafi da shi, ba a sāke ganinsa ba. Da suka dubi Isaac suka ga ba zai kai labari ba, sai suka bar shi a nan kwance.

Bai mutu ba. Mai jinya ya koma majinyaci, ba likita, ba magani, ba bandeji, ga damina ta Bama tana tafe. Tare da shi akwai wani saje mutumin Saliyo, David Kargbo, shi ma da rauni. Mutanen ƙauyen da ke kusa, Musulmi ne daga cikin al'ummar da duniya ta sani yanzu da sunan Rohingya, su suka riƙa kawo musu shinkafa da ruwa a ɓoye. Su biyun Kirista ne, amma tsoro ya sa suka ce su Musulmi ne, Isaac ya zama Sulaiman, David ya zama Dauda, suka dogara da ɗan abin da suka tsinta na addu'o'i a wurin maƙwabta Musulmi a gida. Daga baya wani talaka manomi mai suna Shuyiman ya ɗauke su ya kai su gidansa ya ɓoye, alhali ya san in sojojin Japan suka gane, shi da iyalinsa sun halaka. Wata tara suka yi a wannan hali, sai cikin Disamba, 1944, da rundunar Ingila ta sāke kutsowa kwarin, aka same su da rai.

Sa'ad da Isaac ya komo garinsu a 1945, yana ɗingishi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, an daɗe da fid da rai da shi. Sai da mutanen gari suka watsa masa ƙasa, bisa ga al'adarsu, don su tabbata mutum ne ba fatalwa ba. Ya sami aikin gwamnati a Ma'aikatar Ƙwadago a Ikko, ya yi aure, ya yi iyali, ya yi ritaya kamar kowane ma'aikaci. Da a nan labarin ya tsaya, da ya bi sawun dubban irinsa.

TAFIYAR TAKARDA

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ya zauna ya rubuta. Labarin bai fi shafi sittin da wani abu ba, kuma ya daɗe ajiye ba mai bugawa. A 1989, da sashen Afirka na BBC ya nemi tsofaffin sojojin Afirka su aiko da abin da suke iya tunawa, don cikar shekara 50 da fara yaƙin, sai Isaac ya aika da nasa. Rubutun ya faɗa hannun wani masanin tarihi, Farfesa David Killingray, wanda ya gyara shi, Jami'ar Wisconsin ta Amurka ta buga shi a 1999 da sunan A Stroke of Unbelievable Luck. Ɗan ƙaramin littafi ne, bai yi wata kasuwa ba. Amma kofe guda ya shiga ɗakin karatu na gidan tarihin yaƙi da ke London, a can kuma wani ɗan jarida da ya taɓa aiki a Nijeriya, Barnaby Phillips, ya ci karo da shi. Ya bi diddigi har ya sami tsohon da ransa a unguwar Surulere ta Ikko. Daga wannan haɗuwa aka sami fim ɗin da gidan talabijin na Al Jazeera ya nuna a 2011, da littafin Another Man's War na 2014.

Mai karatu ya dubi yawan wuraren da wannan labari zai iya yankewa. Da iyali sun ɗauki rubutun tarkace, da ruwa ya yi yoyo a kansa, da tsohon bai ji sanarwar rediyo ba, shi ke nan. Da ba wanda zai san sunan Shuyiman, kuma da yadda Kyaftin Brown ya ƙare bai fito fili haka ba. Takardar mai jinya ba tarihinsa shi kaɗai take ɗauke da shi ba, domin shi ne mutumin da yakan ga ƙarshen waɗansu.

A Ingila abin ya sha bamban, kuma ba don mutanen can sun fi son iyayensu ba ne, sai don sun mai da ajiyar takarda al'ada, sun kuma gina mata gidaje. A Yaƙin Duniya na Ɗaya mutum fiye da 90,000 ne suka yi aikin sa kai a ƙarƙashin Red Cross ta ƙasar, kowannensu da katin da aka rubuta sunansa da inda ya yi aiki da tsawon lokacin da ya yi. Katunan suna nan, an ɗora su a intanet, jika na iya neman kakarsa da suna. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Vera Brittain, wadda ta bar karatu a Jami'ar Oxford a 1915 ta shiga jinya, ta yi aiki a London da tsibirin Malta da Faransa, inda har fursunonin Jamus ta yi jinya. Yaƙin ya cinye saurayin da za ta aura, Roland Leighton, a Disamba 1915, da ƙanenta Edward a Yuni 1918, da abokansu biyu. Ta adana wasiƙunsu da littafin da take rubuta abubuwan yau da kullum, da su ta rubuta Testament of Youth a 1933. Bayan rasuwarta a 1970, Jami'ar McMaster ta Kanada ta karɓi takardun, a 1998 kuma aka buga wasiƙun su kansu. Har yau ɗalibai na samun digiri a kansu.

Sai a gwada wannan da abin da ya sami wata 'yar sarki daga ƙasar nan. Gimbiya Adenrele Ademola, 'yar Alake na Abeokuta, ta koyi jinya a asibitin Guy's na London, ta sami shaidar ƙwarewa a 1941, ta yi aiki a birnin cikin shekarun da jiragen Jamus ke yi masa ruwan bama-bamai. Hukumar fina-finai ta 'yan mulkin mallaka har fim ta yi a kanta mai suna Nurse Ademola, aka zaga da shi Afirka ta Yamma ana nunawa a majigi. Fim ɗin ya ɓace. Abin da ya rage nata 'yan hotuna ne da sunanta a rajistar ma'aikatan jinya da takardun fasinjojin jirgin ruwa. In haka ta faru ga 'yar sarki mai daraja ta ɗaya, ina ga ɗan talakan da ya tashi daga Gubuchi ko Paki ko Hunkuyi ya je ya ɗauki gadon majinyata a dajin Arakan?

Ba kuwa za a ce adana irin wannan labari baƙon abu ne ga Musulmi ba. Malaman sira sun kiyaye sunan Rufaida, mutuniyar Banu Aslam, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda aka raunata don neman lada. A Yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya yi umurni a kai shi tantinta don ya riƙa duba shi daga kusa. Shekara fiye da 1,400 ke nan, amma ana kiran sunanta a makarantun jinya, saboda waɗansu sun ji, sun riƙe, sun rubuta.

SUNAN GARI DA LAMBA

Alamun Yaƙin Bama suna nan a bainar jama'a, sai dai an daina karanta su. Barikin Chindit na Zariya sunan rundunar Janar Wingate ne, wadda bataliyoyi uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, suka yi yaƙi a cikinta a bayan dagar Japan a 1944. Dalet da Kalapanzin na Kaduna sunayen wurare ne a Arakan. Makarantar horar da kuratan soja ta Zariya kuwa tun 1924 take, kuma tafiyar yini ce a ƙafa daga yawancin ƙauyukan Makarfi da Kudan. A zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, wanda ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, aka yi wannan yaƙi, kuma duk abin da ya shafi ɗaukar soja da dawowarsu sai ya bi ta ofishin Razdan da na En'e.

Akwai wata matsala da duk mai neman kakansa a cikin rajistar soja zai ci karo da ita. Akawun soja na wancan zamani ba ya tambayar sunan uba. Sunan yanka yake rubutawa ya liƙa masa sunan gari ko na ƙabila. Garin ma sau da yawa babban birnin lardi ne. Saboda haka mutumin Gimi ko Likoro ko Saulawa zai iya zama wane Zariya a takarda, tare da waɗansu masu wannan suna da ba su ƙirguwa. Waɗansu kuma da gangan suka ba da sunan da ba nasu ba, don kada iyaye su biyo sawu. Abin da kaɗai ke raba wannan da wancan shi ne lambar soja, wadda ta 'yan Nijeriya ke farawa da haruffan NA. Wannan lamba tana cikin littafin sallama. Ranar da littafin ya ƙone, ranar ce igiyar da ta haɗa gidan da rajistar ta tsinke, ko da kuwa sunan mutumin na nan a sassaƙe a jikin dutse. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwal tana da maƙabarta a Taukkyan kusa da Rangun, inda aka rubuta sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma, kuma ana iya binciken sunayen ta intanet. Amma ba lamba, binciken lalube ne cikin duhu.

Littafin sallama yana kuma faɗin irin aikin da mutum ya yi, da ranar shigarsa da ta fitarsa, da shaidar halinsa. Nan ne za a gane ko kakan da aka sani da Malam Diresa, wanda ya yi shekaru yana wanke gyambo a disfensaren En'e, a soja ya koyo sana'ar. Irin waɗannan takardu ba na ado ba ne kawai. A 2019 wani ɗan jarida, Jack Losh, ya bayyana wata takarda daga ma'ajiyar tarihi ta Ingila wadda ta nuna yadda aka biya kuɗin sallama bayan yaƙin: farabiti Bature sule 10 a kan kowane watan da ya yi, ɗan Afirka mai muƙami ɗaya da shi kuwa sule uku da sisi. Tsofaffin sojoji sun shekara saba'in suna faɗin wannan da baki, ba a saurare su ba sai da takarda ta yi magana.

NA YAƘIN BASASA

Mutanen Bama dai kusan duk sun wuce. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943, a 1925 aka haife shi. Waɗanda har yanzu za a iya zama a gabansu a yi tambaya su ne na Yaƙin Basasa, wanda aka fara ranar 6 ga Yuli, 1967, aka gama 15 ga Janairu, 1970. Cikin wata talatin ɗin nan sojan Nijeriya ya kumbura daga kimanin mutum 10,000 zuwa wajen 250,000, kuma ba yadda za a yi likitoci da nas-nas na soja su wadaci wannan taro. Giɓin da ya samu, ma'aikatan asibitocin gwamnati da na mishan da 'yan agaji na Red Cross ne suka cike shi, a ɓangarorin biyu. Ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya, wadda dokar 1960 ta kafa, ita ce nauyin rabon agaji ya koma kanta bayan da Gwamnatin Tarayya ta karɓe jagorancin aikin daga hannun kwamitin Red Cross na duniya a tsakiyar 1969. Ƙasar Zazzau ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin asibitin mishan na Wusasa na cikin wuraren da suka fara koyar da 'yan Arewa aikin jinya; ko amaryar da Shugaban Ƙasa Yakubu Gowon ya aura a Afrilu 1969, ana tsakiyar yaƙin, Victoria Zakari, nas ce.

An rubuta littattafai da yawa a kan wannan yaƙi, amma yawancinsu na janar-janar ne, kowa na wanke kansa yana shafa wa ɗan'uwansa kashin kaji. Likitocin Faransa da suka yi aiki a ɓangaren Biyafara sun koma gida sun kafa ƙungiyar likitocin da ba ruwansu da iyakar ƙasa a 1971, duniya ta san su. A Kudu, Farfesa Egodi Uchendu ta bi matan ƙasar Anioma gida-gida ta ɗauki bayaninsu, ta fitar da littafi a 2007. Macen Arewa da ta yi jinya a waɗannan shekaru kuwa, in ta yi aure ta shiga gida, katinta na agaji da hotonta da farar hula sukan koma cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwan da ba a ɗaurawa. Kunya ba ta barinta ta ba 'ya'yanta labari, su kuma ba sa tambaya. Wadda take da shekara 20 a 1968, a 1948 aka haife ta. Lissafin ba mai wuya ba ne.

Abin da zama da tsohuwa guda zai iya haifarwa, ƙasar Zazzau ta riga ta nuna wa duniya. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata dattijuwa a Giwa tana rubuta abin da take faɗa da Hausa. Tsohuwar ta rasu a 1951, littafin Baba of Karo ya fito a 1954, kuma har gobe duk mai nazarin rayuwar matan Hausa sai ya bi ta kansa. 'Yan makonni aka yi ana wannan hira. A yau kowane ɗalibi yana yawo da na'urar ɗaukar magana da hoto a aljihunsa, abin da Mary Smith ba ta samu ba.

ABOKAN GABAN TAKARDA

Gara ce ta farko, kuma ba ta sallama. Takan shiga adakar katako ta ƙasa, ta cinye ciki ta bar murfi lafiya lau. Sai laimar damina, sai gobarar hunturu. Minda kuma ta sami sabon abokin gaba, watau 'yan gwangwan, waɗanda ke saye da nauyi, ba ruwansu da abin da aka rubuta a jiki. Amma ɓarnar da ta fi ban takaici ita ce wadda ake yi da kyakkyawar niyya. Mutum ya ga takardar kakansa ta fara yagewa, sai ya kai ta shagon kwamfuta a manne ta cikin leda da zafi. Masana ajiyar takardu sun hana wannan, domin zafin da danƙon suna cin takardar a hankali, kuma ba a iya ɓare ta. Haka salatif, yakan bar tabo mai ruwan ƙasa wanda ba ya fita. Haka allura da ƙarfen maƙala takarda, sukan yi tsatsa su huda ta. Abin da ya fi shi ne a warware naɗin a hankali, a shimfiɗa kowace takarda tsakanin fararen takardu masu tsabta, a sa cikin akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa, nesa da bango. Hoto kuwa a rubuta sunan mai shi da wuri da shekara a bayansa da fensir, ba da biro ba, tun mai iya gane fuskar yana da rai. Wasiƙar ajami kada a ɗauka laya ce a binne ta ko a ƙone. A kai wa malamin da ya saba da rubutun dā ya karanta, domin sojan da bai yi boko ba da ajami yake aiko da gaisuwa gida.

Wurin kai su ma ba nisa. Gidan Arewa da ke Kaduna, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mai da shi cibiyar binciken tarihi a 1970 a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, yana karɓar takardun mutane da na iyalai. Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna ita ke riƙe da fayilolin Lardin Zariya na zamanin Turawa, inda za a iya gwada abin da ke cikin adaka da abin da Razdan ya rubuta. A Samaru kuma akwai Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. Iyalin da ba sa son rabuwa da kayan kakansu, kuma suna da gaskiya, ba dole sai sun bayar ba. Ana iya ɗaukar hoton kowane shafi a bar musu asalin.

Akwai kuma waɗanda aikin ya fi kusa da su fiye da kowa. A garin Makarfi ne makarantar koyon aikin lafiya mai ɗauke da sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris take, kuma kowace shekara ɗalibanta na fita ƙauyuka aikin gwaji, suna shiga gidajen da baƙo namiji ba ya shiga. Ana koya musu tarihin Florence Nightingale da Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, wanda ba laifi ba ne. Sai dai mai yiwuwa tsohuwar da suke auna wa hawan jini ta riga su riƙe almakashi da bandeji, a wurin da ya fi nasu wuya. Tambaya ɗaya a ƙarshen takardar da suke cikewa ta isa ta fito da ita. Sakatarorin ƙananan hukumomin uku da hakimai da reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji kuwa sun san gidajen da za a fara sallama.

Shi dai Isaac Fadoyebo, akwai abu guda da ya tsaya masa a rai shekara sittin da bakwai. Ranar da aka cece su an yi gaggawa, bai sami yi wa Shuyiman godiya yadda ta kamata ba, kuma bai sāke jin ɗuriyarsa ba. A 2011 tsufa ya hana shi tafiya, sai ya rubuta wasiƙa ya ba Barnaby Phillips, tare da hotunansa. Ɗan jaridar ya shiga jirgin ruwa ya hau kogin Kaladan, yana bin kwatancen da tsohon ya rubuta da taswirorin soja na 1944, yana tambaya ƙauye-ƙauye, har ya isa. Shuyiman ya daɗe da rasuwa, amma 'ya'yansa da jikokinsa suna nan, kuma ba su manta da baƙaƙen sojoji biyu da aka ɓoye a gidansu ba. Su ma sun riƙe labarin, da ka. Aka karanta musu wasiƙar, aka fassara, aka yi kuka. Phillips ya komo Ikko da hotunansu ya nuna wa tsohon.

A shekarar da ta biyo, 2012, rikici ya ɓarke a wannan yanki na Bama tsakanin mabiya addinin Buda da Musulmi, a 2017 kuma 'yan Rohingya fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash. Isaac bai ga na biyun ba. Ya rasu cikin Nuwamba, 2012, yana da shekara 86.